Ɗari Huɗu Da Sha Takwas

A Paramaribo, saman wani kantin magani,
akwai ɗaki biyu da matakalar katako mai kuka.
Ba a sayar da komai a can.
Gwangwanin biskit ne a bakin ƙofa,
mai shi ya jefa, maras shi ya shige,
ba mai duban hannun wani.

Ranar Laraba na hau, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Bokiti uku na tarar a tsakar ɗaki suna tarar ɗigon rufi,
littattafai kuwa an lulluɓe su da leda
kamar jariran da ake tsoron sanyi ya kama.

Tsoho Bhagwandin ne ke jiran wurin.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rabon wasiƙu a kan keke.
Ya ce har yau aikin bai sake ba,
sai dai masu adireshin duk sun kwanta dama.
Ko sisi ba a biyansa.
Shi ke sayo gam, shi ke kashe gara.

Ya ce, wa kike nema?
Na ce kakana, Ngadimin.
Abin da na sani game da shi bai cika cokali ba:
daga Jawa jirgin ruwa ya kawo shi,
ya sari rake har bayansa ya zama baka,
yana da tabo a girar hagu,
kuma ba ya son a tambaye shi jiya.

Tsoho ya lashi yatsa, ya fasa,
ya goge a riga, ya ce takardar ta girme mu duka.
Muka bi layi layi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Sunaye sun sha wuya a hannun akawu,
wani an yanke masa kai, wani an ƙara masa wutsiya.
Azahar ta wuce. Bokiti ɗaya ya cika, na zubar.

Can sai yatsansa ya tsaya.
Ɗari huɗu da sha bakwai.
Tsawo kaza. Shekara ashirin, wai.
Sunan uba: ba a rubuta ba.
Alama: tabo a girar hagu.
Na ce shi ne, ƙahon bauna ne,
tun yana kiwo, ya taɓa faɗa mini sau ɗaya tak.

Na miƙe zan yi godiya,
tsoho ya ce zauna, ba a karanta mutum shi kaɗai,
dubi na ƙasa da shi.

Ɗari huɗu da sha takwas.
Toekiran. Ƙauye ɗaya, jirgi ɗaya, gona ɗaya.
A gefe, da ƙaramin rubutu: ƙanin na sama.
Gaba kaɗan, da wata tawada dabam:
zazzaɓi, wata na biyar da sauka.

Ba wanda ya taɓa kiran sunan nan a gidanmu.
Amma kowace magariba
kakana kan zuba shayi kofi biyu,
ya sha ɗaya, ɗayan ya huce a bakin taga.
Mu yara mu yi ta ƙunshe dariya,
muna cewa tsufa ne.
Ashe mu ne ba mu iya ƙidaya ba.

Tsoho bai ce yi haƙuri ba.
Kati ya miƙo mini da alƙalami,
ya ce rubuta shi da hannunki, ki sa a akwatin harafinsa,
ki bar lambar waya a baya,
ba a san wa zai hawo matakalar nan gobe ba.

Na rubuta. Hannuna ya ɗan karkace a tsakiyar sunan.
Na juye canjin motata a gwangwani,
na taka da ƙafa har gida cikin yayyafi.

Da magariba jikata ta ce,
Kaka, baƙo za mu yi ne?
Na ce ya daɗe da zuwa.
Matsar da labulen, ki ajiye masa a taga.